Tukunya Ba Fadama Ba Ce: Yadda Ake Sauya wa Shukar Ado Mazauni

Tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ba a koya wa mutum dashe. Yaron Aliero ya iya cire irin albasa daga fangali tun bai gama firamare ba, na bakin Gulbin Zamfara a Jega kuwa ya san dashen shinkafa da tattasai da tumatir. Amma ka miƙa wa wannan gwanin shukar ado guda a cikin baƙar leda, ya sauya mata tukunya, kafin wata ya zagayo ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi, ana ta cewa mai sayarwa ne ya yi cuta. Sana'ata ke nan, rainon waɗannan shuke-shuke da sayar da su, kuma yawancin matattun da ake dawo mini da su abu guda ne ajalinsu: an ɗauki tukunya an yi mata aikin gona.

A gona, in ka cika ruwa, ƙasa za ta janye shi ya nutse. In saiwa ta ji matsi, sai ta miƙa gaba. A tukunya babu ko ɗaya. Ruwan da ka zuba yana nan sai shuka ta shanye shi ko ya fita ta huji, kuma saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ƙasa ta jiƙe jagab kwana da kwanaki, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta ta ƙare, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi, daidai da wadda ƙishi ya kama, sai mai ita ya ƙara mata ruwa ya ƙarasa ta.

Ka san wadda kake riƙe da ita

Shuke-shuken da ake ajiyewa a baranda da falo da ofis a wannan yanki kashi biyu ne, kuma kowane kashi da ƙasar da yake so.

Akwai 'yan daji mai lema: difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, wadda asalinta dazukan Kudancin Amurka ne; kuroton mai ganye ja da rawaya daga wajen Indonesiya da Malesiya; fotos mai yaɗo, wadda ake ɗorawa a kan sanda ko a bari ta zubo daga kan kanta; da itacen roba mai ganye mai sheƙi daga Indiya da maƙwabtanta, wanda dangi ne ga ceɗiya da durumi da gamji. Waɗannan inuwa suke so da ƙasa mai riƙe danshi ba tare da ta yi caɓi ba.

Sai masu ajiyar ruwa a jikinsu: moda, wadda 'yar gida ce don a Afirka ta Yamma take fitowa da kanta, alobera, ƙarya mai kumburarren gindi da jan fure, da wannan mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni, 'yar Madagaska, dangin tinya da aguwa. Su fari ba ya damun su. Lema ce ke kashe su.

Yaushe tukunya ta yi kaɗan

Ganye ɗaya ya yi rawaya ba dalilin sauya tukunya ba ne. Tsohon ganye dama yakan mutu. Abin dubawa shi ne ko saiwa ta fara leƙowa ta hujin gindi, ko ta taso tana kewaya saman ƙasa. Ko ruwa ya daina tsayawa, kana zubawa yana fita ta ƙasa. Ko shuka tana yaushi kowace azahar alhali an shayar da ita da safe kuma ba a cikin rana take ba. Ko sabon ganye yana fitowa ƙanana bai kai na da ba. Moda ita ba ta da kawaici: sai ta kumbura robar, tukunyar ƙasa kuwa ta tsaga ta. Idan kuma kowace iska sai ta kayar da shukar, kai ya fi gindi nauyi ke nan.

Duk da haka, kada ka yanke hukunci sai ka zare ta ka gani. In ka tarar saiwa ta naɗe jikin ƙasar gaba ɗaya har ta ɗauki siffar tukunya, lokaci ya yi. In har yanzu ƙasa ta fi saiwa yawa, mayar da ita ka ƙyale ta. Masu saurin girma irin fotos da difenbakiya sukan nemi sauyi shekara-shekara. Moda da alobera da ƙarya suna iya shekara 2 zuwa 3 ba su dame ka ba, sun ma fi son ɗan matsi.

Wane wata

Nan ne masu koyo daga intanet suke faɗawa rami. Za ka ji ana cewa a sauya tukunya a watan Maris ko Afrilu. Gaskiya ne a Ingila da Amurka, inda a lokacin sanyi ke wucewa, itatuwa ke farkawa. A Jega da Maiyama kuwa Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yana haura digiri 40, kuma shukar da aka taɓa wa saiwa ba ta iya jan ruwan da ganyenta ke zubarwa. Kwana biyu sun isa ta mutu.

Manomin albasa shi ma yana da nasa tarkon. Ya saba dashe da shigowar sanyi, kuma ya yi daidai, domin albasa sanyi take so. 'Yan daji mai lema ba haka suke ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu girmansu yana ja baya, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, hazo yana toshe ganye da ƙura. Saiwar da ka yanka a hunturu sai ta daɗe ba ta warke ba, sabuwar ƙasar kuma ta zauna a jiƙe babu mai sha.

Lokacinmu shi ne bayan damina ta zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Iska ta yi laushi, zafi ya karye, shuka tana cikin ganiyar tofo, kuma tana da wata 3 ko fiye ta kafa saiwa kafin iskar hunturu ta busa. Agusta ma ana iya yi in akwai rumfar da za ta tare ruwan sama. Satumba ita ce dama ta ƙarshe. A cikin yini kuwa, bayan la'asar, kamar dai yadda aka saba a lambu, domin shukar ta samu dare guda na sanyi kafin ta haɗu da rana.

Abu uku ne kawai ba sa jiran wata: ruɓewar saiwa, fashewar tukunya, da shigar gara. Waɗannan ko a tsakiyar Afrilu ne sai a yi, a cikin ɗaki mai sanyi.

Sabuwar shukar da ka sayo a Birnin Kebbi ko Sakkwato, balle wadda ta sha doguwar tafiya daga Kaduna ko Jos, ba ta mako biyu a inuwa cikin ledarta. Wahalar hanya da sauyin yanayi sun ishe ta, kada ka haɗa mata da ta dashe.

Kayan aiki

Sabuwar tukunya mai huji, ƙasar da aka haɗa, rariya mai manyan idanu, wuƙa ko almakashi mai kaifi, cokalin magina ko tsohon ludayi, siririn tsinke, guntun ragar sauro ko tsingaro, garin gawayi, buta, buhu na shimfiɗawa, safar hannu, in babu kuma leda a ɗaure a hannu, sabulu da ruwan wanke hannu.

1. Zaɓen tukunya

Kuskuren da ya fi kowanne kisa yana nan, kuma son shukar ne ke jawo shi. Mutum ya ce bari in ba ta wuri ta sake, sai ya ɗauke ta daga ƙaramar leda ya jefa a bokitin fenti mai lita 20. Saiwarta ba ta fi dunƙulen hannu ba, ga ƙasa cike da bokiti. Duk ruwan da ke cikin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, babu mai shan sa. Sai ya kwanta, ya yi tsami, ruɓa ta taso daga nan. Garin neman gira a rasa ido.

Ƙa'idar ita ce sabuwa ta fi tsohuwa da santimita 3 zuwa 5 a faɗin baki. In ka saka tsohuwar a cikin sabuwar, yatsa ɗaya ko biyu ne za su shiga tsakaninsu. Iyakarta ke nan.

A ganina tukunyar ƙasa ta maginan gargajiya ta fi dacewa da mu. Jikinta yana tsatsar da ruwa, wanda shi ne dalilin sanyin ruwan randa, don haka saiwa tana samun sanyi da iska a lokaci guda. Aibinta nauyi da saurin bushewa a bazara. Sabuwa sai a jiƙa ta a ruwa dare guda, in ba haka ba za ta zuƙe danshin ƙasar tun ranar farko. Roba tana da sauƙi da araha, tana kuma riƙe ruwa, amma baƙar roba a cikin rana dafa saiwa take yi, musamman ta ɓangaren da ke fuskantar yamma. In ita ka samu, shafa mata farin fenti ko ka zura ta cikin wata tukunyar ƙasa. Jarka ko bokitin da ya taɓa ɗaukar fetur, baƙin mai ko maganin feshin ciyawa, kada ka kusance shi ko an wanke.

Huji dole ne. Roba ana huda ta da ƙusa mai zafi, wuri 4 ko 5, kowanne ya kai kaurin fensir. Ta ƙasa gara ka sa magini ya huda tun tana ɗanya. Waɗannan kyawawan tukwanen tangaran marasa huji da ake sa wa amare a falo, sutura ce kawai: a dasa a roba mai huji, a zura ta ciki, a riƙa fitarwa in za a ba da ruwa. Tsohuwar tukunya kuma a wanke ta da sabulu, a kankare farin ɓawon da ke bakinta, a shanya.

2. Haɗa ƙasa

Baƙar ƙasar fadama, wadda ke ba da shinkafa da albasa, ita ce mutane ke fara ɗebowa, kuma ita ce mafi muni a tukunya. Laka ce. In ta jiƙe ba ta barin iska, in ta bushe ta daskare ta janye daga jikin tukunya, sai ruwa ya riƙa bi ta gefe yana zurarewa, tsakiya na nan a bushe ƙamas. Lallausan rairayin kan hanya shi ma ba ya gyara ta, cike 'yan kafofin da suka rage yake yi.

Ga haɗin da nake amfani da shi ga 'yan daji mai lema, a auna da kwano ɗaya: kwano 2 na ƙasar jigawa ta sama, wadda aka ɗebo ƙarƙashin itace inda ganye ya ruɓe, kwano 1 na ruɓaɓɓen takin shanu, kwano 1 na yashin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na gasasshen ɓuntun shinkafa. Ga moda da alobera da ƙarya, yashi da ɓuntu su zama rabin haɗin ko fiye, taki kuma a rage shi zuwa rabin kwano.

Ɓuntu arziki ne da muke takawa muna wucewa. A wasu ƙasashe kuɗi ake sawa a sayi wani farin dutse mara nauyi don ya buɗe ƙasar tukunya. Mu kuwa, tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar Kebbi, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, da wuya ka rasa tsibin ɓuntu a bayan injin casa. Gasa shi ba wuya: ka huda tsohon gwangwani ta ko'ina, ka hura wuta a ciki, ka tara ɓuntu kewaye da shi, kana juyawa har ya yi baƙi, sannan ka kashe da ruwa. Baƙi ake so, ba fari ba. In ya zama toka ya lalace, domin toka tana da kaifi irin na kanwa, tana kuma toshe ƙasa. Gashin yana kashe ƙwayar shinkafa da ta ciyawa da suka maƙale, yana kuma sa ɓuntun ya daɗe bai ruɓe ba. A yi wannan aiki nesa da danni da rumbu.

Taki sai wanda ya shekara, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen taki yana ci gaba da ruɓa a cikin tukunya, yana zafi, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kashin kaji ya fi ƙarfin tukunya, bar shi wa gona. A tankaɗe taki da rariya don a fitar da gwazarma, domin ita in ta shiga tukunya takan koma kan saiwa.

Bazarar da ta hana mu dashe tana da nata amfani a nan. Haɗa ƙasarka a Afrilu, ka yayyafa mata ruwa, ka zuba a leda mai haske, ka ɗaure, ka baje ta a rana mako 4 zuwa 6. Zafin zai rage ƙwari da irin ciyawa da cututtukan ƙasa, kafin Yuni ta zama a shirye.

Gwaji na ƙarshe: jiƙa kaɗan ka dunƙula a hannu. In ta dunƙule amma ka taɓa da yatsa ta warwatse, ta yi. In ta zauna dam, ƙara yashi da ɓuntu. In ta ƙi dunƙuluwa sam, ƙara ƙasa.

3. Shayarwa tun jajibiri

Ba shukar ruwa sosai kwana guda kafin aiki. Wannan ɗabi'ar lambu ce da ta dace da tukunya: ganye ya ƙoshi kafin a taɓa saiwa, ƙasa kuma ta fito a dunƙule. Masu ajiyar ruwa su akasin haka ne, a bar ƙasarsu ta bushe.

4. Shirya gindin tukunya

Rufe huji da guntun raga, ko tsingaro guda a kife, don kada ƙasa ta zube. Shi ke nan. Kada ka jera tsakuwa ko fasasshen bulo a gindi. Na san kusan kowa haka yake yi, har masu sayarwa, amma ba ya taimako. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa. Don haka jiƙaƙƙen sashen da ya kamata ya tsaya can ƙasa, tsakuwa ɗago shi take yi ta kawo shi daidai inda saiwa take, ga kuma wuri da ta cinye.

Zuba ƙasa kaɗan, ka ɗora tsohuwar tukunyar a kai ka gwada tsayi. Ana so saman ƙasar shukar ya tsaya santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin sabuwar tukunya, don ruwa ya samu wurin tsayawa.

5. Zare shukar

Kafin ka ɗaga kowace tukunya da ta daɗe a wuri guda, ture ta da sanda ka duba ƙarƙashi. Kunama tana son sanyin wurin, wani lokaci har maciji.

Sa kara tsakanin yatsunka, tafin hannu ya rufe ƙasar, ka kifar da tukunya, ka bubbuga gindinta. Roba a matsa gefenta, ta ƙasa a zagaya da wuƙa ta ciki. Leda kuwa a tsaga ta da reza. In saiwa ta fita ta huji ta kama ƙasa, yanke ta, ko ka sadaukar da robar. Abin da ba a yi shi ne kama kara a fizga. Haka ake cire irin albasa, ita kuma tana jurewa don sabuwar saiwa take fitarwa daga gindi cikin 'yan kwanaki. Difenbakiya ko kuroton in ka fizge su, siraran saiwoyin da ke shan ruwa su ne ke tsinkewa su zauna a tukunya.

Nan ne wurin safar hannu. Ruwan jikin difenbakiya yana ƙona baki, yana kumbura harshe da maƙogwaro, fotos ma tana da irinsa. Ƙarya dafi ce sosai, har ana shafa ruwanta a kibiya a wasu sassan Afirka. Farin ruwan mai ƙayar nan in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa, a wanke nan take da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Kada yara su zauna kusa, kada a bar yankakken ganye inda awaki da tumaki za su kai baki. Mai rauni a hannu kuma kada ya taɓa taki da hannu tsirara, saboda cutar tetanus mai sandarar da jiki.

6. Karanta saiwa

Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, alhali shi ne kaɗai lokacin da za ka ga rabin shukar da ke ɓoye. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, ta moda kuma ruwan lemo. Ƙamshinta na ƙasa ne. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana da laushi da wari, in ka ja sai fatarta ta zame ta bar zare.

In saiwa lafiya lau ce amma ta naɗe, sassauta ta da yatsu, ka warware ta gindi, ka kakkaɓe kamar kashi ɗaya cikin uku na tsohuwar ƙasa. In ta ƙulle tamau, tsaga gefen dunƙulen daga sama zuwa ƙasa wuri 3 ko 4, zurfin santimita 1. Dalili kuwa, saiwar da ta saba kewaya za ta ci gaba da kewaya ko an ba ta fili, sabuwar ƙasa na gefe ba ta shiga ba. Inda aka tsaga, nan sababbi za su fito su miƙe waje.

In ka sami ruɓa, wanke ƙasar duka, ka yanke duk abin da ya yi laushi har ka kai ga mai ƙarfi, kana goge wuƙar da sabulu ko ka gasa bakinta a wuta tsakanin shuka da shuka. Barbaɗa garin gawayi a wurin yankan. Irin wannan shuka ƙaramar tukunya za ta koma, ba babba ba, tunda saiwarta ta ragu, a kuma rage mata ganye daidai gwargwado. Tsohuwar ƙasar a zubar can nesa.

Shukar da aka sayo a cikin zallar laka ita ma a jiƙa dunƙulen a bokiti a rage lakar sosai. In ka binne dunƙulen laka a cikin ƙasa mai sako-sako, ruwa zai riƙa kewaye shi yana wucewa.

In akwai 'ya'ya a gindin alobera ko moda, yanzu ne lokacin raba su, kowane ɗa da 'yar saiwarsa. A ajiye su a inuwa kwana 1 zuwa 3 bakin yankan ya bushe kafin a dasa. Haka ma ƙaryar da aka yanke wa saiwa.

7. Zaunarwa

Tsayar da ita a tsakiya, ka riƙa zuba ƙasa ta gefe, kana cusa ta da tsinke, kana bubbuga tukunyar a ƙasa don ta zauna. Danna da yatsu a hankali. Kada ka daddaƙa da tafin hannu ko sanda, za ka kore iskar da ka sha wahalar sakawa.

Inda ƙasa ta tsaya a jikin kara a da, nan za ta tsaya yanzu. Masara da dawa ake yi wa huɗa a tara musu ƙasa a gindi. Karan shukar ado in aka binne shi ruɓewa yake yi, alobera kuwa in ƙasa ta shiga tsakiyarta ta tafi. Ƙarya ma akan ɗan ɗaga ta sama da yadda take, kumburin gindin ya fito fili, wanda shi ne adonta.

8. Ruwan farko

Zuba a hankali da buta har ya fito ta huji, ka dakata, ka sake. Ruwan ne zai manna ƙasa da saiwa. In ƙasa ta lotsa, ƙara kaɗan. Moda da alobera da ƙarya kada a ba su ko ɗigo sai bayan kwana 5 zuwa 7.

Ruwan sama ya fi kowanne, wannan ma wani dalili ne na yin aikin da damina. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana barin farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin da ke ƙona bakin ganye. Ruwan wanke-wanke mai omo kuwa ba na shuka ba ne, komai tsadar ruwa.

9. Jinya

Mako biyun farko a inuwa mai haske: ƙarƙashin dogon yaro, ko barandar da rana ba ta shiga sai da sassafe. Ba cikin ɗaki mai duhu ba, ba gaban fanka ba. Yaushi kaɗan da zubar tsohon ganye ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Kada ka sake zare ta don ka duba.

Shayarwa ba ta da ranar da aka yanke. Tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi, bari, in ya bushe, zuba sosai. Sabuwar tukunya tana daɗewa ba ta bushe ba fiye da tsohuwa, don haka wanda ya ci gaba da yadda ya saba zai yi ɓarna.

Takin zamani, kamfa ko yuriya, a jira mako 6. Saiwa mai rauni ba ta ɗaukar sa, ƙonewa take yi, ga kuma taki a cikin sabuwar ƙasa. Bayan nan ma, 'yan ƙwayoyin kamfa da yatsu uku za su ɗauka sun ishi matsakaiciyar tukunya, a binne su a gefe nesa da kara.

In Agusta ta kama ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ɗora tukwane kan bulo don huji ya samu hanya, hakan kuma yana rage hawan gara. Kauce wa ƙarƙashin indararo. Farantin da ake sawa a gindin tukunya a falo a riƙa zubar da ruwansa bayan rabin awa, saboda saiwa da kuma sauro.

Wadda ta fi ƙarfin ɗagawa

Itacen roba ko kuroton da ya girma a cikin rabin duro, a ƙofar ofis ko harabar makaranta irin waɗanda ake gani a jami'ar Aliero da aka kafa a 2006, ba sai an sauya masa mazauni ba. A farkon damina a kwashe ƙasar sama, zurfin santimita 5, a hankali don kada a ji wa manyan saiwoyi, a maye gurbinta da sabon haɗi. Wanda kuma yake son shukarsa ta tsaya a girmanta ba tare da ƙarin tukunya ba, sai ya zare ta, ya yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar ta gefe da gindi, ya rage rassa daidai da haka, ya mayar da ita cikin tukunyarta da aka wanke, da sabuwar ƙasa. Ana iya maimaita wannan duk shekara 2 ko 3, a watannin nan dai na Yuni da Yuli.